Taswirar Fatihu Tela

Fatihu tela ne a Gidan Marke, wani ƙaramin ƙauye a yankin Tsamaye cikin ƙasar Sabon Birni. Kekensa na ɗinki yana zauren gidansu. Ɗinkinsa bai fi na sauran teloli ba, amma a wajen zane babu mai hannunsa a duk yankin. Shi ake kawo wa babbar riga ya fitar mata da zanen wuya kafin masu aikin allura su bi. Bayan wannan yana da gonar gero kamar kowa, da matarsa Ikilima, da 'ya'ya uku.

Kudu da ƙauyen akwai gandun daji da aka shata tun zamanin Turawa, aka hana sara da noma a ciki. Mutane suna kiransa Dajin Gwamna. Wata shekara, bayan an gama girbi, sai ga wata mata ta sauka gidan mai gari. Sunanta Malama Hadiyya, 'yar garin Isa ce, tana koyarwa a jami'a a Sakkwato, kuma aikinta nazarin itatuwa da tsuntsaye. Ta ce tana neman mutanen gari da za su riƙa shiga dajin ranar Asabar ta farkon kowane wata, su zaga a ƙafa, su rubuta abin da suka gani: wane tsuntsu, wace bishiya, a ina. Ita ba za ta samu zuwa ba sai bayan wata uku-uku. Sauran su za su yi da kansu, su tura mata ta waya.

An yi dariya sosai a bakin masallaci. Duk da haka mutum goma sha ɗaya suka fito ranar farko, har da mata uku masu sanin saiwoyin magani. Fatihu bai yi niyyar zuwa ba. Malamar ce ta manta da abin awonta a Sakkwato, aka aiko a ari tef ɗinsa na ɗinki, shi kuma ba ya ba da aron tef, sai ya bi su da abinsa. Yinin ranar ya yi shi yana zagaya gindin marke da ƙirya da tef, yana faɗin lamba kamar mai auna ƙirjin ango. Da ya dawo gida ƙafafunsa sun yi tsami, amma ya kasa daina ba Ikilima labari.

A fita ta biyu suka haɗu da Ibrahima. Suna tsaye suna gardama a kan sunan wani tsuntsu, sai suka lura da wani dattijon Bafillace ya jingina da sandarsa yana kallonsu. Ya bari suka gaji, sannan ya faɗa musu sunansa da Hausa da Fulatanci, ya ƙara da cewa macen ce, namijin yana can bisa aduwa idan za su ɗaga kai. Suka ɗaga kai, ga shi kuwa.

Daga ranar ya zama jagoransu. Rugarsa tana bakin dajin, a can aka haife shi. Ya san kukar da zuma ke zama, ya san kwazazzabon da burtu ke kiwo, yana duban sawu ya ce gada ce ta wuce da hantsi. Kowa Baffa yake ce masa. Shi kuma bai taɓa kiran Fatihu da sunansa ba, sai Tela. Idan rana ta take sukan ratse rugar, matarsa Habi ta dama musu fura da nono, su sha a inuwa suna karanta wa juna abin da suka rubuta.

Taswirar da ke cikin wayar Malama Hadiyya ba ta nuna komai a dajin sai kore shimfiɗe, babu hanya babu tafki. Wannan ya dami Fatihu. Ya yanko farin yadi kamu biyu, don takarda ba ta jure ruwa da gumi, ya fara zana dajin da biro. Kowane wata ya ƙara wani abu: hanyar shanu, hanyar masu itace, kwazazzabai, manyan kukoki, wurin da ƙasa ke cin ƙafa da damina. Idan ya yi kuskure Ibrahima ya sa tsinke ya nuna masa. Shekara biyu yana wannan aiki.

Abu na ƙarshe da ya shiga yadin wani tafki ne can tsakiyar dajin, wanda geza da sabara suka rufe ta ko'ina, ba a shigarsa sai ta wata siririyar hanya a bayan tsauni. Ibrahima ya daɗe bai ambace shi ba. Sai da ya ji Malama tana cewa ta yi shekaru ba ta ga gauraka a ƙasar nan ba, tana tsoron sun ƙare, sannan ya ce su shirya wata mai zuwa.

"Wurin ga ko ɗiyana ba duka sunka san shi ba," in ji shi a hanya. "Nan nika kawo shanu in rani ya yi tsanani."

Suka tarar da gauraka biyu a bakin ruwa suna taku a hankali. Malama Hadiyya ta zauna a ƙasa, ta daɗe ba ta ko ɗaga wayarta ba. Da za su tafi Fatihu ya tambayi Ibrahima ko ya sa tafkin a zane.

"Sa shi, Tela. Wa za ya duba ƙyallenka in ba mu ba?"

Ɓarayin daji ba rana ɗaya suka zo ba. An fara jin labarinsu daga nesa, daga wajen Zamfara, sannan daga Isa, sannan aka tare hanyar kasuwa. Aka kore shanun Ibrahima fiye da rabi. Aka fara ɗaukar mutane a gonaki. Masu fita ranar Asabar suka ragu zuwa shida, suka koma huɗu, kuma ba sa wuce bakin daji. Malama ta daina zuwa. Daga baya aka rufe layukan waya, sai mutum ya hau tudu ya laluɓi layin Nijar, rahoton wata-wata ya tsaya. Samarin ƙauyuka suka kafa ƙungiyar 'yan sa-kai, suka ɗauki bindigogin gida, kuma ba a daɗe ba duk Bafillacen da ya shigo kasuwa sai an tsare shi da tambaya. Wasu ba su koma gida ba.

Ranar da Habi ta kawo nono Gidan Marke karo na ƙarshe, ta tsaya a ƙofar zauren Fatihu kamar mai gyara ƙwarya a ka, ta yi magana ƙasa-ƙasa.

"Tela, Baffanka ya ce in hwaɗa maka mun tashi. Mun koma tafkin nan. Na daji suna cewa muna kai rahotonsu gari, na gari suna cewa mu na daji na. Ya ce kai kaɗai, kar kowa shi ji."

"Babu mai ji, Inna. Ki gaishe shi."

Wata biyu bayan haka aka ɗauke mata biyar a gona suna roron wake da hantsi. A cikinsu akwai Fadima, 'yar Na'Allah. Na'Allah yayan Ikilima ne, uwa ɗaya uba ɗaya, kuma shi ne shugaban 'yan sa-kai na ƙauyen. Mutum ne mai fara'a a da, mai sayar da iri a kasuwa. Kwana tara ya yi yana bin duk wanda aka ce ya san wani abu, bai samu ko kalma ɗaya ba. Ranar ta goma, bayan azahar, ya shigo zauren Fatihu ya zauna bisa benci. Idanunsa sun faɗa.

"An ce kana da zanen dajin ga."

"Ina da shi, Yaya. Amma na itace da tsuntsaye na."

"Akwai hanyoyi ciki?"

"Akwai."

"Akwai inda ruwa yake?"

Fatihu ya ci gaba da warware wani ɗinki da bai buƙaci warwara ba.

"Mutanen ga ba su zama inda babu ruwa," in ji Na'Allah. "Mu kuwa in munka shiga, rabin yini mun ɓace. Ba roƙonka nikai ka bi mu ba. Ƙyallen kawai."

Ikilima tana tsaye a ƙofar da ke shiga cikin gida. Kwana tara ita ma ba ta ci abin kirki ba. Ta ce, "Malam, Fadima ta fa. A bayana ta girma."

Fatihu ya tashi ya ɗauko yadin daga ƙasan akwati, ya shimfiɗa bisa teburin yanka. Na'Allah ya sunkuya yana bin layukan da yatsa. Fatihu yana kallon yatsan yana matsawa tsakiya. Ya yi tunanin ya sa almakashi ya yanke wurin, amma rami a tsakiyar zane ya fi komai jan ido. Ya yi tunanin ya yi shiru. To idan ya yi shiru suka bi siririyar hanyar, suka faɗa kan bukkoki ba zato, da bindiga a hannu da tsoro a ciki, me zai faru? Ya ga gara su sani tun daga gida.

Ya ɗora yatsansa bisa tafkin. "Nan, Yaya, ku kauce mashi. Baffa Ibrahima na nan da iyalinshi. Ka san shi, ka sha nonon gidanshi. Su ma ɓoyo sukai."

Na'Allah ya ɗago. "Shina cikin daji har yanzu?"

"Ba shi da inda za shi."

"Kuma ba a taɓa shi ba."

"An kwashe mashi shanu, kowa ya sani."

"An bar mashi rai dai."

"Yaya, don Allah ka yi mani alkawari."

"Na ji."

"Alkawari nika so."

"Na ce na ji, Fatihu." Ya naɗe yadin ya sa a aljihun ciki ya fita.

Washegari bayan sallar asuba mutum kusan talatin suka shiga daji. Fatihu ya zauna a keke, amma har azahar bai gama hannun riga ɗaya ba. Da la'asar ya ji hayaniya, ya fito. Suna dawowa, babu mace ko ɗaya tare da su. Shanu suke korowa, kamar ashirin. A gaba akwai wata jar saniya mai karyayyen ƙaho wadda ya sha gani Habi tana tatsa.

Ya sami Na'Allah a bayan gidansa yana wanke ƙafa. Bai yi sallama ba.

"Mi kunka yi?"

Na'Allah bai dube shi ba. "Mun zaga ko'ina ba mu ga kowa ba. Sai munka ce mu tambaye shi. Tambaya kawai. Ya ce bai san inda suke ba."

"To bai sani ba."

"Mutumin da ya san ramin kowane guza cikin dajin ga? Kai da bakinka ka sha hwaɗa muna ko ganye ya motsa ya sani. Shi za ya ce bai ga mata biyar da babura ba?" Ya zuba sauran ruwan butar a ƙasa. "Ɗanshi ya ɗauko sanda. Yara sunka harba. Daga nan ban iya tsai da kowa ba."

Fatihu ya juya. Ya koma gida.

Da safe ya je wurin liman. Liman tsoho ne, ya saurara har ƙarshe, ya ce ko me ake ciki gawar Musulmi ba ta kwana biyu a fili. Aka nemi masu rakiya, aka samu mutum biyu kacal, dukansu daga cikin masu fitar Asabar. Fatihu ya kwashe duk farin yadin da ke shagonsa. Suka ɗauki fartanya da shebur, shi a gaba, don ba ya buƙatar zane kafin ya gane hanyar.

Mutum biyar suka tarar: Ibrahima, da 'ya'yansa maza biyu, da ƙaninsa, da wani baƙo da ya kwana rugar a kan hanyarsa. An ƙone bukkokin. Suka ɗebo ruwan tafkin suka yi musu wanka. Fatihu ya yayyanka likkafani da hannunsa, yadin bai isa ba, na ƙarshen sai da aka haɗa da rawanin liman. Ƙasar wurin tana da laushi, haƙan bai ba su wuya ba. Sun gama sallah suna mayar da ƙasa sai geza ta motsa, Habi ta fito, mata uku da ƙananan yara a bayanta. A cikin ƙaya suka kwana.

Ta tsaya har aka gama. Ta yi wa liman godiya. Sannan ta juyo wurin Fatihu, muryarta ba ta ko rawa.

"Tela, na ga ƙyallenka hannunsu."

"Ni nab ba su, Inna."

"Kai ka hwaɗa masu muna nan?"

"Ni na. Na ce su kauce maku. Wallahi don su kauce maku na hwaɗa."

Ta daɗe tana dubansa. Ya so ta zage shi, ko ta ɗebi ƙasa ta watsa masa. Ba ta yi ba.

"Da Baffanka ya ji tahiyarsu bai gudu ba," in ji ta. "Ya ce mutanen Gidan Marke na, in da mugun nuhi da Tela ya aiko muna."

Liman ya ce su biyo su gari. Ta girgiza kai. Ta ce za su bi ta Burkusuma su ƙetara Nijar, akwai dangin uwarta can. Ta goya ƙaramin jikanta a baya, suka bi ta arewa a ƙafa, ba ƙwarya ba tabarma. Fatihu bai sake jin labarinsu ba.

Sati uku bayan haka ɓarayin suka shigo Gidan Marke da rana tsaka, bisa babura. Sun ce ramuwar kisan Ibrahima suka zo yi, ko da yake su ne suka fara kwashe shanun mamacin. Suka kashe wanda suka samu, suka cinna wa rumbuna wuta. Liman yana cikin waɗanda suka rasu. Waɗanda suka tsira suka kama hanyar Sabon Birni. Fatihu ya kwance kan kekensa ya ɗora a ka, ya bar ƙafafun a zaure. Aka sauke su a wata makarantar firamare, iyali huɗu a aji ɗaya, an raba da zannuwa. Na'Allah da matarsa suna ɗaya gefen zanen. Tukunya ɗaya Ikilima take dafa musu. Da Fatihu ya ce mata ba zai ci kwano ɗaya da yayanta ba, ta ce to, ta riƙa raba musu. Ita ma ba ta cika haɗa ido da mijin nata ba tun ranar zauren.

Malama Hadiyya ta neme su har ta same su. Ta zo da buhun masara da sabulu. Ta rame, ita ma an tashi ƙauyen kakanninta a Isa. Ta zauna a barandar aji tana tambayar mutanen Asabar ɗaya bayan ɗaya, yana faɗa mata wanda ya rasu da wanda ya yi Sakkwato da wanda ba a sani ba. Da ta zo kan Baffa, ya ba ta labarin duka, bai rage komai ba. Ta rufe fuska da mayafi.

"Ni na jawo," ta ce. "Ni na sa shi ya kai mu wurin. Ni na yi ta yaba zanen."

"Ke kin ce a zana, Malama. Ba ki ce a bayar ba."

Ta ce duk abin da suka rubuta na shekarun nan yana nan ajiye, ta haɗa shi wuri ɗaya, da sunan kowa. Ta tambaye shi ko yana son ta kawo masa nasa. Ya ce ta bar shi can.

Bayan wata biyar Fadima ta dawo. Ita da wata mata ɗaya suka sulale ranar da masu tsaronsu ke sauya sansani, wani mai mota ya tsince su a hanya. Ta zo cikin tsumma, ƙafafunta duk sun tsage. Aka yi kuka, aka yi godiya ga Allah. Da ta ci abinci ta huta, mutane suka taru a ajin tana ba da labari. Fatihu yana tsaye a bakin ƙofa.

Ta ce daga gonar gabas aka yi da su. Yini guda bisa babur, suka wuce ta bayan Isa, washegari suka ƙara gaba har wani daji mai duwatsu inda Hausar mutanen ma ta bambanta. A can suka zauna duk watannin.

Na'Allah ya gyara zama. "Ba ku shiga Dajin Gwamna ba?"

"A'a, Baba."

"Ko ratsawa? Ko kwana ɗaya?"

"Ko kusa da shi ba mu bi ba. Gabas munka yi."

"Ba ki ga wani tafki ba, mai geza?"

"Babu tafki, Baba. Ruwan rijiya muka sha, shi ma sai an ga dama."

Wasu daga cikin samarin da suka shiga daji ranar nan suna wurin, suka sunkuyar da kai. Na'Allah ya tashi, ya raɓa ta gefen Fatihu ya fita, ya je ya zauna a gindin katangar makarantar, cikin rana, har inuwa ta zo ta same shi.

Kwana biyu bayan haka Na'Allah ya zo da atamfa a naɗe. Fatihu ya ɗora kan kekensa bisa wani tebur na 'yan makaranta, yana juya shi da hannu. Na'Allah ya ajiye atamfar a gefe.

"Fadima ba ta da abin sawa," ya ce.

Fatihu ya dubi atamfar, ya dubi mutumin. Ya kira Ikilima ta kawo masa wata tsohuwar rigarta don awo, ya rage faɗin a ido don yarinyar ta rame, ya fara yanka. Na'Allah bai tafi ba. Ya zauna a ƙasa ya jingina da bango. Sau ɗaya ya ja numfashi kamar zai yi magana, Fatihu ya tsai da keken yana jira, amma bai ce komai ba, keken ya ci gaba. Da aka gama ya karɓa ya shiga ciki.

Damina ta sauka a wannan shekarar da kyau. Daga barandar makarantar ana ganin hadari yana haɗuwa ta wajen Tsamaye kusan kowane yammaci. Babu wanda ya koma ya yi shuka.